AIKIN GAYYA DON DAWO DA DAJIN BAYAN GARI

Wannan jawabi ne da wani malamin gandun daji ya gabatar wa ɗaliban ajin yaƙi da jahilci, maza da mata, tare da 'yan ƙungiyar taimakon kai da kai na garinsu. An buga shi a nan saboda waɗanda ba su samu halarta ba. Ana roƙon malaman aji su karanta shi tare da ɗalibansu.

Suna yana nan, itace babu

Bayan sallama, da gaisuwa ga mai unguwa da liman da iyaye mata, malamin ya fara da sunayen unguwanni.

Duk wanda ya taɓa shiga Kano ya ji sunan Kurna da Ɗorayi da Giginyu. Ya ji Kasuwar Rimi da Durumin Iya da Tsamiyar Boka. A Kaduna akwai Kawo da Unguwar Rimi. Waɗannan duka daga itatuwa aka samo su. Mutanen farko sun tarar da itacen a wurin, suka zauna kusa da shi, suka kira wurin da sunansa. Yau yaro yana iya tashi a irin wannan unguwa, ya girma har ya yi aure, bai san kamannin itacen da unguwarsu ta ci sunansa ba.

Wani zai ce wannan damuwar 'yan birni ce. Ba haka ba ne. Ƙauyen jiya shi ne garin yau. Da zarar an shimfiɗa kwalta, ko an kawo hedikwatar ƙaramar hukuma, sai fili ya yi kuɗi. Abin da ake fara yankawa shi ne ɗan dajin bayan gari, inda mata suke samun itacen girki, yara suke kai awaki, masu magani suke samun saiwa da sassaƙe. Daga nan sai a juya kan kududdufi. A cika shi da shara, a yi gini a kai.

Ba itace kaɗai ke tafiya ba. Shamuwa tana son dogon itace a cikin gari, a nan take sheƙa idan damina ta kusa. In babu itacen, ba ta sauka. Balbela ma haka. Zuma tana bin fure. Bushiya da kurege da fakara suna son ƙaramin duhu. Mujiya, wadda mutane suka tsana, ita ke rage ɓerayen da ke ɓarna a rumbu. Dattawa za su tuna yadda ungulu ke cika mahauta a da. Yanzu sai a yi wata ba a ga ko ɗaya ba. A shekarar 2015 masana na duniya suka sa irin ungulun nan ta mahauta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Ita ce kuwa ke kwashe mushe kafin ya yi wari ya jawo cuta.

Shi kuma kududdufi randar gari ne. Ruwan sama da ya kwararo daga lunguna a cikinsa yake taruwa. Idan aka cike shi, ruwan ba ya fasa zuwa. Sai ya shiga gidaje, ya jiƙa gindin katanga, ta faɗi.

Me ya sa dashe ba ya kamawa?

Kowace shekara ana bikin dashen itatuwa. Manya su zo da motoci, a haƙa rami, a dasa, a zuba ruwa da sabuwar buta, a ɗauki hoto. Bayan mako biyu akuya ta cinye. Wanda akuya ta bari, rani ya gama da shi. Baɗi a dawo, wani lokaci ma a cikin ramin bara ake sake dasawa.

Dashe ba laifi ba ne. Amma ɗan itacen da aka ɗauko daga gandun reno jariri ne. Saiwarsa gajeriya ce. Yana son ruwa da shinge da mai kula da shi har ya shekara biyu ko uku. Wanda aka dasa ran biki kuwa ba shi da uwa ba shi da uba. Kowa ya ɗauka na gwamnati ne.

Abin da ya faru a Maraɗi

Bayan farin da aka yi a shekarun 1970, ƙasar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar ta zama fili fetal. Iska tana binne shuka da rairayi. Manomi sai ya yi shuka sau biyu ko uku kafin ta tsaya. Mata suna tafiya mai nisa neman itace, wasu da kara da kashin shanu suke girki.

Akwai wani malamin gona mutumin Ostareliya, sunansa Tony Rinaudo, da ke aikin raba dashe a ƙauyukan wurin. Yawancin abin da ya dasa mutuwa yake yi. Har ya kusa fid da rai. Wata rana a shekarar 1983 ya tsaya a hanya don ya rage iskar tayar motarsa saboda rairayi. Sai idonsa ya kai kan wani ɗan tsiro a gefen hanya. Da ya matsa ya duba ganyen, sai ya ga ashe itace ne sosai. An sare shi tuntuni, amma kututturen bai mutu ba. Kowace shekara yana tofo, kowace shekara manomi yana sassabe tohon ya ƙone.

Da ya ɗaga kai sai ya ga irin wannan toho ko'ina a gonaki. Wato dajin da ake cewa ya ƙare yana nan a ƙarƙashin ƙasa. Saiwoyinsa sun riga sun yi nisa, sun kai ga laima. Ba ya bukatar ban ruwa. Abin da yake bukata kawai a daina kashe shi.

Dabarar ba ta da wuya, kuma tsofaffin manoma sun san irinta tun da. Idan mutum ya zo sassabe, ba zai share komai ba. Sai ya zaɓi kututture mai rai. A cikin rassan da suka tofo, ya bar masu ƙarfi kuma miƙaƙƙu, daga ɗaya zuwa biyar, ya yanke sauran. Waɗanda ya bari, ya rage musu ƙananan rassan gefe har zuwa rabin tsayinsu. A yi amfani da kaifaffen gatari ko adda, a yi saran daga ƙasa zuwa sama, don kada ɓawon ya yage. Bayan 'yan watanni a dawo a sake gyarawa. Rassan da aka yanke na girki ne, ganyen na dabbobi. Mutanen Maraɗi suka kira wannan aiki sassaben zamani.

Da farko dariya aka yi. A lokacin gonar da aka share ƙal ita ce gonar manomin kirki. Wanda ya bar sabara da kalgo a gonarsa, rago ake ce masa. Manoma kaɗan ne suka gwada, wasunsu ma da dare aka bi aka sare musu.

A shekarar 1984 aka yi yunwa. Aka kawo taimakon abinci, aka ce duk mai son karɓa sai ya bar itatuwa a gonarsa. Mutane suka bari. Da taimakon ya ƙare, da yawa suka koma suka sare. A nan akwai abin lura ga kowace ƙungiya: wanda ya yi aiki don buhun hatsi, ranar da buhun ya ƙare aikin ya ƙare. Amma waɗanda ba su sare ba sun ga bambanci. Iska ta daina binne musu shuka. Ganyen da ya zuba ya zama taki. Matansu suka huta da doguwar tafiya. Har suka fara sayar da itace a kasuwa. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya, ba tare da an ba shi ko ƙwaya ba.

Bayan shekara 20 da wani abu, masana suka auna da hotunan sama. Suka ƙiyasta cewa gonakin da suka farfaɗo ta wannan hanya a Nijar sun kai hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200. Hekta ɗaya daidai take da eka 2 da rabi. Ba dasa su aka yi ba. Gawo ne da sabara da kalgo da aduwa da magarya, 'yan ƙasa, waɗanda suka saba da zafin wurin. Gawo kuwa kowane manomi ya san halinsa. Da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa gero rana. Da rani kuma ya yi inuwa, ya ba dabbobi 'ya'ya.

Itacen wane ne?

Malamin ya daɗe a kan wannan tambaya, domin a cewarsa a nan aikin gayya yake tsayawa ko ya rushe.

A dokar da Nijar ta gada daga zamanin Faransa, itace na hukuma ne, ko da a gonar mutum ya tsiro. Manomi yana iya shan tara don ya sare reshe a gonarsa. To, wa zai yi renon abin da ba nasa ba, kuma abin da zai iya jawo masa tara? Gara ya kashe shi tun yana ƙarami. Sai da ma'aikatan daji suka sassauta, manoma suka tabbata cewa abin da suka rena nasu ne, sannan aikin ya bazu. A shekarar 2020 gwamnatin Nijar ta fito da doka a rubuce da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen da ya rena.

Saura ɓarawon itace. A ƙauyen Ɗan Saga na jihar Maraɗi, mutane suka kafa kwamitin tsaro. Ba maza kaɗai suka sa ba. Sun sa mata, domin su ne masu neman itacen girki. Sun sa Fulani makiyaya, domin su ne masu saran ganye wa dabbobi. Aka yi doka a bainar jama'a, aka yanka tarar da mai ɓarna zai biya. Wanda aka zauna da shi aka yi doka, da wuya ya karya ta da rana tsaka. Wanda aka yi ba da shi ba, shi ne mai zuwa da dare.

Dattijon da gari ya cim ma dajinsa

A ƙasar Burkina Faso an yi wani manomi, Yacouba Sawadogo, mutumin Gurga kusa da garin Wahiguya. Wajen shekarar 1980, lokacin da mutane ke gudun fari suna barin ƙauyuka, shi sai ya koma kan wani faƙo da ko ciyawa ba ta fita. Ya riƙa haƙa ƙananan ramuka tun da rani, yana zuba taki a ciki. Gara ta bi takin, ta huda ƙasa, ruwan sama ya sami hanyar shiga. A ramukan ya shuka gero da dawa, ya haɗa da irin itatuwa. Mossi suna kiran wannan rami zai. Hausawan ƙasar Tawa suna ce masa tassa.

Shi ma mahaukaci aka ce masa. Amma faƙon nan ya zama daji na kusan hekta 40, mai itatuwa da tsirrai fiye da iri 60. Tsuntsaye suka dawo. A shekarar 2018 aka ba shi wata babbar lambar yabo a ƙasar Suwidin, a shekara ɗaya da Tony Rinaudo.

Ga inda labarinsa ya shafi kowa. Garin Wahiguya ya yi ta faɗaɗa har ya iso bakin dajin. Aka shiga yanka filaye, aka fara gini a cikin abin da ya shekara 30 yana reno. Da wurin yana faƙo babu mai so. Da ya yi kyau sai masu so suka yi yawa. Dattijon ba shi da takardar da za ta tsaya masa. Ya sha wahala ƙwarai, sai a shekarar 2021 aka kewaye dajin. Ya rasu a watan Disamba na 2023.

A birnin Yamai ma an ga irin haka. Tun shekarar 1965 hukuma ta fara dasa darbejiya a gefen birnin don ta tare iska da ƙura. Da birnin ya cika, gine-gine da shara da masu sara suka cinye wani babban sashe na wurin.

Matan da suka tsaya wa dajin birni

A cikin birnin Nairobi na ƙasar Kenya akwai daji mai suna Karura, mai faɗin hekta wajen 1,000. A shekarun 1990 aka rarraba wani sashensa ga masu kuɗi a ɓoye don su yi gidaje. Wata malama, Wangari Maathai, wadda ta kafa ƙungiyar mata masu dashen itace a 1977, ta ce ba za a yi haka ba. Ita da matan ƙungiyarta ba su ɗauki makami ba. 'Yan itatuwa suka ɗauka, suka nufi dajin don su dasa a inda aka sare. A watan Janairu na 1999 masu gadi suka far musu da duka, har aka fasa mata kai. Ɗalibai suka fito, jama'a suka fusata, daga baya aka dakatar da ginin. A shekarar 2004 aka ba ta lambar Nobel ta zaman lafiya.

Amma ceto daji daban, renonsa daban. Bayan rigimar, Karura ya zama maɓoyar ɓarayi, mutane suna tsoron shiga. A shekarar 2009 mazauna unguwannin da ke kewaye suka kafa ƙungiyar abokan dajin. Suka haɗa kai da ma'aikatan daji, suka tara kuɗi, aka yi shinge. Aka ɗauki matasan unguwar talakawa da ke maƙwabtaka aikin gadi da reno. Aka riƙa cire baƙin itatuwa ana mayar da na asali. Har wani irin biri mai baƙi da fari aka kawo aka saka a dajin. Wurin da ake gudu ya koma inda iyaye ke kai yara shan iska.

Yadda ƙungiya za ta fara

Ba sai an sami hekta 1,000 ba. Kowane gari yana da wurin da ba gonar kowa ba ne: gefen maƙabarta, filin idi, harabar makaranta, bakin kududdufi, gefen burtali, ko tsohon ramin da aka ɗebi ƙasar gini. A zaɓi wuri ɗaya tak. Ƙungiyar da ta kama wuri biyar a shekarar farko, ba ta riƙe ko ɗaya.

Kafin a taɓa gatari, a fara da takarda. A je wa mai unguwa da dagaci, a kai maganar gaban hakimi. A zagaya iyakar wurin da ƙafa a gaban shaidu, a kafa alama. Daga nan a rubuta wa ƙaramar hukuma. A Najeriya, dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filayen karkara a hannun ƙaramar hukuma, na birni kuma a hannun gwamna. Saboda haka a san a wane ɓangare wurin ya faɗa. A nemi amsa a rubuce, da sa hannu da hatimi. A yi kofe uku, kada a ajiye su a gida ɗaya. A nan karatun da ɗalibai suka koya zai yi rana. Wanda ya iya karanta takarda da kansa, ba a nuna masa wata a ce ita ce.

Bayan haka a zagaya wurin tare da tsofaffi, musamman tsofaffin mata da masu maganin gargajiya. Su ne za su ce wannan tohon kanya ce, wannan ɗinya, wancan marke. A ƙirga kututturan da ke da rai, a rubuta a littafi. Sau da yawa za a tarar sun fi yadda aka zata. A gyara su yadda aka bayyana, a ɗaura wa kowanne jan ƙyalle don mai wucewa ya san yana da mai shi. Inda ƙasa ta zama faƙo, a yi tassa tun da rani. Inda babu kututture ko ɗaya, nan ne wurin dashe. A dasa tsamiya ko kuka ko ɗorawa, a yi shingen ƙaya, a rubuta sunan gidan da zai riƙa ba kowanne ruwa.

Kada a share wurin ƙal kamar tsakar gida. Leda da gwangwani da kwalba su ne shara, a kwashe su. Busasshen ganye da ciyawa ba shara ba ne, abincin ƙasa ne, kuma a ciki ƙananan halittu ke fakewa. Kada a sa wuta. A ja wa yara kunne kan danƙo da kwasar ƙwan tsuntsu. Mafi kyau ma a ba su aikin ƙirga irin tsuntsayen da suke gani kowane wata. Yaron da aka ba littafi ya rubuta tsuntsu, yakan daina harbinsa.

Tambayoyin jama'a

Wani dattijo ya miƙe ya ce, "Malam, duhu ai gidan maciji ne. Mu da muke da jikoki fa?"

Malamin ya ce, "Gaskiyarka, Baba. Shi ya sa ake fitar da hanya mai faɗi a ciki, a kuma share tazara tsakanin wurin da gidaje. Sassaben zamani yana ɗaga rassa sama, mutum yana ganin inda zai taka. Juji mai tara ɓera ya fi kiran maciji."

Wata mata daga cikin ɗalibai ta ce, "Malam, mu za mu ɗebo ruwa, mu za mu kori awaki. In itacen ya girma, wa zai ci moriyarsa? Kada mu yi wahala maza su sayar."

Mata suka yi guɗa, maza suka yi dariya. Malamin ya ce, "Hajiya, tambayarki ita ce babba. A rubuta amsarta tun yau, kafin itacen ya yi kuɗi. Rassan da aka rage na waɗanda suka fito aiki ne. 'Ya'yan itace da ganyen kuka, a sa ranar ɗiba, a san rabon kowa. Kuma kada a kafa kwamiti babu mata a ciki, har da mai riƙe littafi."

Wani saurayi ya tambaya ko gwamnati za ta biya masu aikin. Malamin ya amsa masa cewa babu albashi. Ofishin gandun daji zai iya ba da shawara, ya kuma taimaka da dashe idan akwai. Sauran aikin na masu gari ne, kamar yadda ake gayyar yashe rijiya ko gyaran maƙabarta.

Kafin a tashi, mai unguwa ya ba da wurin da ke tsakanin maƙabarta da kududdufin gabas. Aka zaɓi mutum 9, mata 4 a ciki, da wakilin Fulanin rugar da ke kusa. Ɗalibai biyu da suka fi iya rubutu aka ɗora wa rubuta takardar ƙaramar hukuma. Aka sa ranar Asabar da hantsi don zagaya iyaka da ƙirga kututture. Kowa zai zo da addarsa da tsumman jan ƙyalle. Liman ya rufe taro da addu'a.